Ana saran ɗan sanda a gabana, bindiga tana hannuna na kasa harbi, ni matsoraci ne?

Wannan saƙon ya shigo min tun satin da ya wuce, na ɗan gajarta shi kuma na cire sunan garin kamar yadda mai shi ya roƙa.

"Assalamu alaikum Yaya. Ni manomi ne shekarata 33, ina farauta da rani kuma ina cikin masu sintirin unguwarmu da daddare. Ina da bindigar toka wadda babana ya bar min da ƙarfinsa ya ragu. Ranar kasuwar garinmu ina dawowa daga gona wajen la'asar sakaliya bindigar tana kafaɗata, na biyo ta bakin tasha sai na tarar da wani ɗan sanda shi kaɗai ya riƙe wani yaro da ya ƙwaci wayar wata mata, kafin kace me abokan yaron su uku sun fito da wuƙaƙe da gora sun kada shi ƙasa, ɗaya ya yanke shi a dantse. Tsakanina da su baifi taku ashirin ba kuma bindigar a ɗure take, har na sauke ta daga kafaɗa amma na kasa ɗagawa, ga 'yan talla ga yara a bayansu. 'Yan kamasho da mahauta ne suka yi ihu suka taso musu da sanduna suka gudu, aka kai ɗan sandan asibiti, Allah yasa yana da sauran kwana. Tun ranar bana bacci sosai. A majalisa ana ce min mai bindigar ado, wai da an kashe mutumin ina tsaye ina kallo. Babana yace daidai nayi, matata kuma tace in rabu da bindigar gaba ɗaya. Yaya ni matsoraci ne? In haka ta sake faruwa in harba ko kuwa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba matsoraci bane kai, kuma ba dan in sanyaya maka rai nake faɗa ba, amsar tana cikin saƙonka da kanka ka rubuta ta: ga 'yan talla ga yara a bayansu. Idonka ya ga wannan a lokacin da jininka yake tafasa, kuma hannunka ya bi abinda idonka ya gani. Mutane da yawa a irin wannan daƙiƙar basa ganin komai sai mai wuƙar.

Ka fini sanin bindigar toka nesa ba kusa ba, amma bari in faɗa saboda masu karatu da kuma abokan naka na majalisa in har saƙon ya kai gare su. Bindigar toka ba harsashi ɗaya take fitarwa ba, albarushi ne da 'yan ƙarafuna ake ɗurawa ta baki a danna, in ta tashi watsa su take yi, kuma duk yadda nisa ya ƙaru haka watsuwar take ƙara faɗi. Shi yasa take da daɗin harbin zabi da fakara. To a taku ashirin, mutum huɗu sun cukuikuye a ƙasa, ɗan sandan yana tsakiyarsu suna juyawa, wa zaka ware a ciki? Abinda zai samu mai wuƙar shine zai samu ɗan sandan da kake son ceta, ragowar kuma su wuce su samu yarinyar da take tsaye da farantin gyaɗa a ka. Sannan harbi ɗaya ne da kai, kafin ka sake ɗuri sauran sun iso kanka da wuƙa, ba banza ba aka ce mata harbi-ka-ruga. Ga ruɗewar kasuwa in an ji ƙarar bindiga, tsofaffi da yara ne ake fara tattakewa. Duk wanda ya ce maka da shi ne da ya harba, ka tambaye shi a cikin mutum huɗun nan wa zai samu, kaji me zai ce.

Akwai hadisin da nake so ka riƙe, yana cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa dan kada ya ji wa wani musulmi ciwo. Kibiya fa kenan, wadda ba'a ma ɗana ta a baka ba. Kuma kasan hukuncin kisan kuskure a suratun Nisa'i, diyya ce ga iyalan mamacin da kaffara, wanda bai samu bawan da zai 'yanta ba azumin wata biyu a jere. Kyakkyawar niyya bata ɗauke wannan ba. Da ka harba ka samu 'yar wani, yau ba rashin bacci na sati biyu muke magana akai ba.

Amma kada ka fahimce ni cewa tsayawa kallo shine daidai, a'a. A nan ne zan ɗan taɓa ka, kuma kayi haƙuri. Ɗan sandan nan haƙƙi ne akan duk wanda yake wajen ya taimake shi, wayar baiwar Allah yaje ƙwatowa, shi kaɗai, ya shiga abinda da yawanmu muke kauda kai in mun gani. Har doka ma ta ɗora mana, dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce in ɗan sanda yana bakin aikinsa aka kai masa hari ya nemi taimakonka ka ƙi, laifi ne, akwai tara ko ɗauri ko duka biyun. Abinda ya same ka shine bindigar ta ɗaure maka hannu da baki. Tunaninka gaba ɗaya ya tafi akan in harba ko kar in harba, kamar babu wani abu na uku, alhali mahautan da 'yan kamasho da basu da bindiga nan take suka san abinyi, ihu da sanda da taron dangi, kuma shine ya ceci mutumin. Da gora ce a hannunka ranar na tabbata da kana cikin na gaba-gaba. Na daɗe da lura da wannan, makami babba yana sa mai shi ya manta da ƙananan abubuwan da yake iyawa.

Yanzu tambayarka ta biyu, in ta sake faruwa ka harba ko kuwa. Bari mu fara da abinda yake a takarda. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda ayi amfani da ƙarfi daidai gwargwado dan kare wani mutum daga harin da bai halatta ba, haka Final Kod, wato kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a arewa, ya ba mutum damar kare jikinsa da jikin waninsa, ɗan sanda ma yana cikin wannan wanin. Sai dai an sa iyaka, ba zaka yi ɓarnar da ta wuce wadda kariyar take buƙata ba, kuma da zarar hatsarin ya wuce damar ta wuce. Wato in sun juya baya suna gudu ka ɗirka wa ɗaya a gadon baya, wannan ba kariya bace, kisan kai za'a tuhume ka da shi. Kuma ko harbin naka yana kan daidai, ba a bakin tasha ake yanke wannan ba, a kotu ne. Kafin a kai can zaka kwana a sel, za'a karɓe bindigar, za'a nemi lauya, ana ɗage zama ana sake ɗagewa, damina ɗaya ko biyu ta wuce gonarka ba mai nome ta. Laifin kisa kuma ba irin wanda DPO yake bada beli a caji ofis bane.

Tambayar farko da za'ayi maka a can itace ina lasin. Baka faɗa min ba a saƙon, kuma shirun naka ya sa nake zargin babu, ko kuma na Baba ne yana cikin akwati tun shekaru aru-aru. Lasin bindiga ba'a gadonsa, da sunan mutum ɗaya ake bayarwa kuma sabunta shi ake yi. A dokar makamai ta Najeriya bindigar toka wajen kwamishinan 'yan sandan jiha ake neman izininta, masu cin kwanso irin mai baki ɗaya da mai baki biyu kuma izininsu yana hannun sufeto janar, su AK47 ba na farar hula bane sam. Na san a ƙauyukanmu kusan kowane gidan mafarauta akwai bindigar toka kuma ba mai tambaya, to ba mai tambaya ne har ranar da ta kashe mutum, ranar kowa zai tambaya.

To ajiye maganar kotu, akwai abinda yafi ta kusa, shine ko zaka ma kai kotun da ranka. Zan baka labari biyu daga Amurka, ƙasar da farar hula suke yawo da bindiga da izinin doka, dan a can ne wannan tambayar taka ta faru a zahiri kuma aka bi diddigin komai.

A watan Janairun 2017 a jihar Arizona, da asuba akan babbar hanya, wani mutum ya harbi ɗan sanda a kafaɗa sannan ya haye kansa yana buga kansa da kwalta. Wani matafiyi yazo wucewa ya tsaya, ya tambayi ɗan sandan ko yana neman taimako, yace eh, ya ɗauko ƙaramar bindigarsa ya daka wa maharin tsawa ya bari, ya ƙi, sannan ya harbe shi. Ɗan sandan ya rayu, ba'a tuhumi mutumin da komai ba. Amma duba yanayin da kyau, daji ne ba kowa a bayansu, mahari ɗaya ne kuma ba shakkar wane ne shi, ɗan sandan da bakinsa ya nema, an yi gargaɗi kafin harbi, kuma saura ƙiris a kashe shi. Ko da haka ma da mutumin ya fito gaban 'yan jarida daga baya hawaye yake yi, ɗaukar rai bai zo masa da sauƙi ba.

Na biyun shine wanda nake so ya zauna maka a rai. Ranar 21 ga Yunin 2021 a garin Arvada na jihar Colorado wani ɗan bindiga ya kashe ɗan sanda da rana tsaka a tsakiyar gari. Wani mutum mai suna Johnny Hurley ɗan shekara 40 yana cikin shago yana sayayya yaji harbi, ya fito da bindigarsa ya harbe maharin, ya ceci mutane da Allah kaɗai ya san yawansu. Sai ya sunkuya ya ɗauki babbar bindigar maharin, daidai lokacin wani ɗan sanda ya leƙo, abinda ya gani shine mutum ba yunifom riƙe da bindiga a wajen da ake harbi, ya harbe shi ya mutu. 'Yan sandan da kansu suka ce gwarzo ne, ba'a gurfanar da wanda ya harbe shi ba, daga baya hukumar garin ta biya iyalansa kuɗi kusan dala miliyan 2.8, amma uwarsa ɗa ta rasa. Wannan fa a ƙasar da doka ta yarda farar hula su riƙe bindiga kenan, kuma bai yi laifin komai ba.

Dawo da wannan bakin tashar garinku. An kira caji ofis ance ana kashe ɗan sanda a kasuwa, mota ta taho a guje da mutum biyar ko shida ransu a ɓace, sun diro sun ga nasu a kwance cikin jini, sun ga wani da kayan gona yana tsaye bindiga tana hayaƙi a hannunsa. Ba a goshinka aka rubuta ɗan sintiri ba. Su waɗanda suka sanka a unguwa ba lallai su ne a motar ba, 'yan sanda canza musu wajen aiki ake yi kullum. Kai ma in kaine a cikin motar me zaka fara tunani? Kuma ba 'yan sanda kaɗai ba, taron jama'a ma haka yake. Har yanzu zuciyata bata huce da abinda ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, mafarauta 16 'yan arewa suna hanyar dawowa gida Kano yin sallah daga Fatakwal, aka tare motar aka ga bindigogin toka irin taka, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su aka ƙona. Basu harbi kowa ba, ganin bindigar kawai ya isa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Akwai kuma wani gefen da ba'a cika faɗa ba, kai ma kanka ba kullum zaka san waye waye ba. Ranar ka ga farkon abin shi yasa ka san mai gaskiya. Wata rana tsakiyar rigima zaka tarar, mutum da kaki a ƙasa wasu da kayan gida a kansa, alhali mun sha jin 'yan fashi da 'yan bindiga suna sa kakin jami'ai su kafa shinge a hanya, kuma akwai 'yan sandan farin kaya da basa sa yunifom. Wata ranar ma ɗan sandan gaske ne amma shi ya jawo, ya mari ɗan acaɓa ko ya bige wani gari ya taso masa, nan ma ba'a bari a kashe shi, amma ai ba jama'ar gari zaka buɗe wa wuta ba, dattawa ake nema da masu faɗa aji a shiga tsakani a tura shi cikin wani shago a rufe.

Saboda haka ga matsayata ba ɓoye-ɓoye. Ka taimaki ɗan sanda duk inda ka ga za'a hallaka shi, amma bindiga itace ta ƙarshen ƙarshe, kuma a cikin kasuwa ko tasha ko unguwa da irin bindigarka, ka ɗauka ma babu ita. Ban ce har abada ba. In a daji ne ko gefen gona, ka ga farkon abin da idonka, mutum zai mutu yanzun nan in ba'a yi wani abu ba, jami'in yana kiranka, ka yi tsawa an ƙi, bayan maharin ba kowa kuma ba a manne suke ba, to wannan wani abu ne daban, Allah da doka duk sun san da shi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace ka bar yatsanka a inda yake. In kuma har ta kai ka harba, kana gamawa ka ajiye ta ƙasa ka matsa nesa da ita hannuwanka a sama inda kowa zai gani, kada ka taɓa makamin maharin ko da wasa, kada ka bi wanda ya gudu, kada kai ma ka gudu.

Ba'a fafe gora ranar tafiya, abinda zakayi gobe yau ake shirya shi. Lambar DPO da ta jami'in da yake kula da 'yan sintirinku su kasance a wayarka inda zaka same su da danna ɗaya, ga 112 ma ta gaggawa. Muryarka makami ce, kuma ka fi kowa sanin 'yan garinku, yaran nan masu ƙwacen waya ba daga sama suka faɗo ba, in ka kira ɗaya da sunansa da sunan ubansa da ƙarfi a gaban mutane sau da yawa hannunsa yana sanyi. Ka tuna 'yan Kato da Gora na Maiduguri da suka tashi a 2013, da sanduna suka fara, ƙarfinsu shine sun san fuskar kowa a lungunansu suna nuna wa sojoji. Ka kira mutane da sunayensu suma, wane taho, wane ɗauko benci, dan taro in ba'a kira sunan mutum ba kowa jiran wani yake. Bayan an watse kuma aikin bai ƙare ba, wanda aka yanka jini ne yake kashe shi kafin a kai asibiti, ka cire rawani ko riga ka danne wajen da ƙarfi kada ka ɗaga kana leƙawa, in wuƙar tana jiki kada a zare ta, a nemi mota ko a daidaita sahu nan take. Sannan ka yarda ka bada shaida, wannan ne wajen da jarumai da yawa suke zamewa.

In kuma zuciyarka tana son aikin tsaro da gaske to ka shige shi ta ƙofa. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da askarawanta a farkon 2024, ana basu horo da yunifom da shugaban da suke karɓar umarni a wajensa, in jiharku tana da irin wannan ka nema. Ko a sintirin unguwa ma ku tabbata sunayenku suna caji ofis, kuna da kati da riga mai alama, ku zauna da DPO da mai unguwa ku tambaya ƙarara, in an kai wa ɗanku hari a gabanmu me kuke so muyi. Mun ga abinda ya biyo baya a Zamfara lokacin da 'yan sa kai suka riƙa yanke hukunci da hannunsu a kasuwanni, ramuwa ta haifi ramuwa, har yau ba'a gama biya ba.

Maganar matarka, kada ka ɗauke ta a matsayin tsoron mata, ita ce zata riƙa kai maka abinci gidan yari ko ta zauna takaba. Ba sai ka rabu da bindigar ba tunda farauta sana'arka ce ta gado, amma kuyi yarjejeniya da ita, ba zaka ƙara ratsa kasuwa ko tasha da bindiga a ɗure ba, in ka taso daga gona ka sauke ɗurin ko ka zagaya ta bayan gari, a gida kuma a kulle inda yara basa kaiwa, albarushi daban bindiga daban. Baba kuma da yace daidai kayi, mutumin da ya shekara da shekaru yana harbi ne yake magana, ka zauna ka tambaye shi dalilinsa, ina kyautata zaton akwai labarin da bai taɓa baka ba. 'Yan majalisa basu isa su hana ka bacci ba, ka amsa musu sau ɗaya cikin natsuwa cewa akwai yara a bayan mutanen, daga nan kada ka ƙara tankawa, zasu gaji.

Rashin baccin kuwa ba alamar laifi bane, ka ga an yanka mutum a gabanka ne, jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya sauka. Ka riƙa faɗa wa wani da ka yarda da shi abinda kake gani in ka rufe ido, ka riƙe azkar ɗin kwanciya, kada ka fara shan ƙwayar bacci ta kemis da kanka. In ya wuce wata guda abin bai ragu ba, ko kana firgita in kaji hayaniya, kaje asibiti ka faɗa wa likita yadda ka faɗa min.

Cikin satin nan ka ɗauki Baba ku je ku duba ɗan sandan, ko yana asibiti ko an sallame shi, ku riƙe masa ɗan abinda ya sawwaƙa ko lemo ne da ayaba. Ka gaya masa kana wajen ranar, ka ga fuskokin yaran kuma a shirye kake ka bada shaida. Daga can ku wuce ku tambayi yadda za'a yi ka samu lasin da sunanka. In kun dawo ka rubuto min yadda kuka yi.